Farfela Lamba Takwas

Sau bakwai Umekichi yana jan igiyar injin kwale-kwalensa, sau bakwai injin na yin tari ya yi shiru. A na takwas igiyar ce ta ja shi. Ya tafi taga-taga, ya zauna daɓas a kan akwatin ƙugiyoyi, ya dafe ƙirji ya shiga nasa tarin.

Genzo na tsaye a ƙofar rumfarsa ta gyaran inji da kofin shayi a hannu, yana kallo tun daga ja na farko. Bai motsa ba. Ya san halin tsohon maƙwabcin nasa: ka kai masa taimako tun bai nema ba, ka sha zagi har na kakanninka. Sai da tarin ya ƙi tsayawa sannan ya ajiye kofin, ya sauka matakalar dutse, ya shiga kwale-kwalen. Hannu ɗaya ya sa ya fizgi igiyar. Injin ya tashi yana aman hayaƙi.

"Injin nan lafiyarsa lau, Baba. Kai ne ka lalace."

"Kashe shi."

"Ba fita za ka yi ba?"

"Na ce ka kashe shi. Kunnen naka ma ya toshe da baƙin mai ne?"

Genzo ya kashe. Tashar jiragen ruwan ta koma tsit, sai ruwa yana lasar gindin bango. A da jirage sittin ke ɗaure a nan Shiraura. Yanzu tara ne, huɗu daga ciki masu su sun mutu, ba wanda ya zo ya kwance.

"Ka sayo mini mai makulli," in ji tsohon, bayan numfashinsa ya dawo. "Irin wanda ake murɗawa ya tashi. Mai ƙarfin doki goma sha biyar."

Genzo ya yi dariya. "Shekara goma ina roƙonka. Ka ce injin makulli na ragwaye ne da 'yan birni masu zuwa kamun kifi ranar hutu."

"To na zama rago. Akwai sauran magana?"

"Babu. Zan haɗa maka da farfela lamba sha ɗaya, ka ga gudu."

"Takwas."

"Takwas? Haba Baba! Takwas ai ta masu dakon yashi ce. Gajeren taki gare ta, kamar giyar farko a mota: ja ta iya, ba gudu ba. Kai kaɗai ne a jirgin nan, kuma duk jikinka bai kai buhu ɗaya da rabi na shinkafa ba. Injin zai yi ta ihu a banza, ya sha mai, kai kuma kana tafiyar kunkuru. Me za ka ɗauka?"

"Uwarka zan ɗauka. Na ce takwas."

"Uwata ta mutu."

"To ka ga ba ruwanka ke nan."

Tsohon ya miƙa hannu, Genzo ya kama ya hau da shi matakala. Hannun kamar busasshen reshe. A saman ya tsaya yana haki, ya ce ba tare da ya dubi kowa ba, "Norihisa zai zo ranar Lahadi ta sama. Wai ya samo mini gado a asibitin Osaka. Ina son injin kafin nan."

Genzo ya riga ya sani. Norihisa, ɗan tsohon ɗaya tilo, shi yake kira duk mako ya tambayi labarin ubansa, tunda uban ba ya ɗaukar waya. Genzo ne ma ya gaya masa tarin ya fara zuwa da jini.

Bango ɗaya ne tsakanin gidajensu, na katako, wanda ba ya riƙe sirri. Shekara shida ke nan da matar Genzo ta tafi Hiroshima wurin 'yarsu, wai za ta yi wata ɗaya ta taya ta jego. Tun daga lokacin, duk motsin ɗan adam da yake ji a gida ta bangon nan yake zuwa: rediyo na karanta labarin iska da ƙarfe biyar, ƙarar butar shayi, tari, sai ƙaramar ƙararrawar da tsohon ke bugawa a gaban hoton matarsa, Tsuyako, kafin ya ci abinci. Shekara goma sha biyu da mutuwarta. A tsibirin Karasu aka ajiye tokar gawarta bayan an ƙona ta, can ƙetaren mashigin teku, inda aka haife su su biyun. Shekara uku bayan nan mutanen Karasu na ƙarshe suka tattara suka bar wa gora da aladun daji garin.

Da Genzo ya zauna zai yi odar injin, lissafinsa a miƙe yake. Tsoho na son ya je ya yi wa kabarin matarsa sallama kafin a tafi da shi, wannan ko makaho ya gani. Ruwan mashigi kuwa ba ya jira. Yana kwantawa na ɗan lokaci, sannan ya juya ya riƙa gudu kamar kogin da ya ɓalle. Mara lafiya shi kaɗai a jirgi mara nauyi, abin da yake bukata shi ne ya je da sauri ya dawo da sauri. Takwas taurin kan tsufa ne kawai. Shekara talatin da biyar Genzo yana ɗaura farfela. Bai gama makaranta ba, amma a wannan fanni babu mai koya masa. Akwai wata tsohuwar takwas rataye a ƙusa bayan ƙofar rumfa, ya dube ta, ya ɗaga waya ya ce a aiko da sha ɗaya.

Ranar Laraba injin ya iso a jirgin fasinja. Ya ɗaura shi, ya ja wayar batir, ya ɗaure farfela, ya sauke ƙafar injin cikin ruwa. Umekichi na zaune a kan bango da bargo a gwiwa.

"Takwas ce?"

"Takwas ce."

"To madalla. Yau dai ka ji magana."

Ranar Juma'a da sassafe aka buga bangon da sanda. Genzo ya fito ya tarar da tsohon sanye da rigar ruwansa, ya ɗaura farin tawul a ka irin na fita aiki.

"Ɗauko ƙarfen ɓanɓara, da katako biyu masu kauri, da igiya, da kurar nan da kake ɗaga inji da ita. Za ka raka ni."

"Kabari za mu gaisar ko gida za mu rushe?"

"Kai dai ɗauko. Bakinka ya fi hannunka aiki."

Tsohon ne ya murɗa makulli da kansa. Injin ya tashi a murɗa ɗaya, ba hayaƙi, ba tari. Da suka fita bakin tasha ya buɗe masa wuta, gaban jirgin ya ɗaga, suka shiga yanka ruwa. Saura kaɗan iska ta kwashe tawul ɗin. Genzo ya ga abin da ya yi shekaru bai gani ba: haƙoran tsohon guda biyar a waje.

"Kai! Injinan zamani! Da takwas ma haka yake gudu?"

Genzo ya juya yana kallon gonakin lemu a kan tudu, waɗanda suka nuna ba mai tsinka.

Minti ashirin suka isa Karasu. Makabartar ba ta da nisa da bakin ruwa, tana kan ɗan gangare bayan rusasshen ɗakin ajiye raga. Aladu sun tone ko'ina. Duwatsu da yawa sun kwanta, gora ta tsiro ta tsakaninsu. Na Tsuyako ne kaɗai ke tsaye a share, dogon dutse mai ruwan toka a kan faffaɗan gindinsa. A gefensa an sassaƙa suna biyu. Nata ba fenti, launin dutsen ne. Nasa an cike shi da jan fenti, kamar yadda ake yi wa wanda ya rubuta sunansa tun yana da rai. Ranar da ya bi ta a kankare jan.

Umekichi ya haɗa tafin hannu ya sunkuyar da kai na ɗan lokaci. Sannan ya nuna dutsen da sanda.

"Malamin haikali ya zo watan jiya ya yi addu'ar sallama. Yanzu dutse ne kawai, kana iya taɓawa. Ɗaga murfin nan ka miƙo mini tulun tokarta. Sai mu sauko da dutsen da gindinsa."

"Mu sauko da shi ina?"

"Jirgi mana. Ko a ka za ka ɗauka ka yi iyo? Na karɓi wuri a haikalin Shiraura, layin da ke kallon teku." Ya yi tari, ya goge baki. "Norihisa ya nuna mini hoton inda zai ajiye ni a Osaka. Akwatuna ne jere a bene na huɗu, kamar na ajiye jaka a tashar jirgin ƙasa. Ka sa kati, ƙofa ta buɗe. Ita kuma a bar ta nan da aladu. Yaron ba mugu ba ne, abin da ya fi sauƙi yake bi. In ya zo ya tarar da dutse a tsaye a Shiraura, da sunana a jiki, uwarsa a ƙasa, ai sauƙin ya koma nan."

Genzo ya dubi dutsen. Idonsa ya saba auna ƙarfe, dutse ma bai gagare shi ba. Dogon dutsen ya haura kilo ɗari. Gindin ya fi haka. Ga su su biyu, ga kayan aiki.

"Baba, ruwa zai juya kafin mu gama."

"Na sani. Na lissafa. Ko ya juya, takwas za ta tsallake da mu. Me kake tsammani ya sa na nace?"

A nan ne ya kamata ya faɗa. Bakinsa ya buɗe ma. Sai ya ga tsohon ya karɓi farin tulun, ya share ƙasar da ke jikinsa da hannun riga, ya tura shi cikin rigar ruwa ya rungume. Genzo ya rufe bakinsa ya ɗauki ƙarfe. In ya yi sauri, wataƙila su riga ruwan.

Bai taɓa aiki irin na ranar ba. Ya ɗaura kura a jikin bishiya, ya kwantar da dutsen kan katako, ya sara gora ya jera a ƙasa ya riƙa mirginawa taki-taki. Igiya ta ɗaye masa tafin hannu. Tsohon na zaune yana ba da umarni.

"A hankali, ɗan banza! Matata ce, ba injin wani ba. Ina kake sauri haka, amarya aka kai maka?"

Ƙarfe goma da rabi suka gama. Jirgin ya nutse har saura kamu ɗaya ruwa ya taɓa baki. Genzo ya karɓi hannun injin, tsohon ya zauna a gaba, jingine da dutsen.

Tun daga bakin Karasu injin ya sake murya. Ya buɗe masa wuta duka, amma maimakon ya ɗaga ya yi kuka, sai ya riƙa gurnani can ƙasa, kamar mota mai kaya da aka sa wa giyar gudu a hawan tudu. Gaban jirgin bai tashi ba. Da suka shiga tsakiyar mashigi, ruwan ya riga ya miƙe, yana murɗawa yana tafasa. Genzo ya sa ido kan farar fitilar da ke kan dutsen Shiraura. Minti biyar, fitilar na nan inda take. Minti goma, ta fara matsawa gaba, su kuma suna baya. A bayansu akwai jerin baƙaƙen duwatsu da ruwa ke farfashewa a kai.

Umekichi ya karkata kai yana saurare. Ba ya kallon ruwa, injin yake ji. Ya ɗago ya dubi Genzo.

"Lamba nawa ka ce?"

Genzo ya shiga rage wa jirgin kaya. Ya wurga katako, ya wurga kura. Bai isa ba. Ya ɗaure hannun injin da igiya, ya rarrafa ya sa ƙarfe ƙarƙashin gindin dutsen ya ɗaga da duk ƙarfinsa. Gindin ya hau bakin jirgi, jirgin ya kwanta gefe, teku ta shigo ta rufe tsohon har wuya, sannan dutsen ya tafi, jirgin ya dawo daidai. Suka daina ja da baya. Amma ba su ci gaba ba.

"Jefa ɗayan ma!" Tsohon ya ɗaga murya, ruwa na zuba daga gemunsa. "Jefa! Kana da 'ya!"

"Ba zan jefa ba."

"Dutsena ne!"

"Jirginka ne, dutsenka ne, amma hannuna ne."

Ya kwance igiyar, ya juya kan jirgin ya bi ruwa a karkace, ya shige wani lungu a bayan Karasu inda gudun ruwa ba ya kaiwa. Bango ne na dutse a tsaye ta kowane gefe, babu wurin sauka. Ya jefa anga, ya kashe injin, ya ɗauki roba ya shiga kwarfar ruwa. Wayarsa ba ta kama komai a wurin. Ruwan mashigi ba zai sake kwantawa ba sai bayan ƙarfe uku.

Rana ba ta leƙa lungun, ga iskar Nuwamba. Genzo ya tuɓe rigarsa ta sama da ta ciki, ya cire wa tsohon jiƙaƙƙun kaya ya sa masa nasa, shi ya mayar da rigar ruwa kan fatarsa. Haƙarƙarin tsohon ana iya ƙirgawa. Tulun bai bar hannunsa ba ko da ake canza masa riga. Daga wannan hannu ya koma wancan.

Genzo ya koma kan kwarfar ruwa.

"Sha ɗaya ce," in ji Genzo.

"Na ji ta. Kurma ma ya ji ta."

"Da ka ce mini dutse za ka ɗauka..."

"Da na ce maka, da kafin in rufe baki ka kira Norihisa. Kana tsammani ban san kai ne rediyonsa ba? Bangon nan ta gefe biyu yake ji."

Genzo ya ci gaba da kwarfa, ko da yake ruwan ya ƙare.

"Na ɗauka na fi ka sani."

"Ka fi ni sanin inji. Kayan da ke cikin jirgi kuwa, mai jirgi ya sani." Haƙoransa na kaɗawa. Ya gyara zama ya jingina da dutsen. "Nan Tsuyako take zama. Daidai nan. Shekara arba'in da ɗaya. Ba ta magana a teku, wai kifi na ji. Hannu kawai take ɗagawa, dama, hagu, tsaya. In na yi gardama ta jefe ni da kan kifi. Da ta mutu, gaban jirgin ya riƙa tashi sama. Na yi wata uku ban gane dalili ba, har na kawo maka ka duba injin. Ka tuna? Ka ce in sa buhun yashi a gaba."

"Na tuna."

"Buhun yashi." Ya yi wata dariya da ta koma tari. Ya tofar a ruwa, Genzo ya ga launin abin ya kau da kai. "Kai fa, taka tana da rai, kana zaune kana cin shinkafar jiya a tsaye. Wata ɗaya bai cika ba har yanzu?"

"Bar wannan maganar, Baba."

"Na bari. Akwai abinci a jakar nan, ci."

Dunƙulen shinkafa biyu ne a naɗe, da ɗan gishiri. Biyu ya yi tun da asuba, ɗaya nasa ɗaya na Genzo. Tsohon ya gutsiri kaɗan ya ajiye a kan dutsen, gefen sunan matarsa, sauran ya riƙe bai ci ba.

Ƙarfe uku da kwata ruwa ya kwanta. Suka tsallaka a hankali, injin na gurnani, ba wanda ya tare su. Genzo ya goya tsohon daga tasha har gida. Jikinsa zafi kamar murfin injin da ya wuni yana aiki. Ya shimfiɗa masa katifa, ya rufe shi da bargo uku, ya ɗauko waya.

"In ka kira jirgin asibiti," in ji tsohon daga cikin bargo, "na yafe maka farfela, amma wannan ba zan yafe ba. Je ka kafa dutsen."

A ranar, kafin duhu, ya ɗora dutsen a ƙaramar motarsa ya kai haikali. Washegari da safe ya kwaɓa siminti ya yi masa mazauni, shi da malamin haikali suka tayar da shi. Malamin ya sa tulun a ƙasa, ya kunna turare ya yi karatu. Tunda gindinsa na ƙasan mashigi, dutsen ya fi duk na layin gajarta.

Daga nan Genzo ya wuce rumfa. Ya sauko da tsohuwar takwas daga ƙusa, ya goge ta, ya je ya ɗaga ƙafar injin. Cire fin, kwance noti, zare wannan, zura waccan. Ya duba agogo. Minti tara.

Ya tarar da tsohon idonsa biyu, numfashi na fita da ƙara. Ya dafa masa kunun shinkafa, ya ɗaga kansa ya ba shi cokali uku.

"Dutsen ya tsaya, Baba. Yana kallon teku."

"A miƙe? Ko irin aikinka?"

"Na sa ma'auni."

"Hm."

"Na kuma sa takwas."

Tsohon ya buɗe ido ɗaya. "Yanzu? Ka gama aski sannan ka jiƙa kai." Ya rufe idon har Genzo ya ɗauka barci ya yi. Can ya ce, "Bar ta a jiki. Akwai sauran kaya ɗaya."

Ranar Lahadi Genzo ya farka a zaune, jingine da bangon ɗakin tsohon, gari ya waye. Ƙarfe biyar ta wuce ba a kunna rediyo ba. Ya saurara. Agogo na tafiya, hankaka na kuka a kan rufi. Babu tari. Ya matsa ya taɓa goshin. Zafin ya tafi duka. Ya gyara masa bargo, ya rufe masa baki, ya je gaban hoton Tsuyako ya buga ƙaramar ƙararrawar sau ɗaya, domin bai san wanda zai fara gaya wa ba.

Norihisa ya sauka daga jirgin ƙarfe goma da keken guragu sabo fil, ledarsa ma ba a cire ba. Genzo ya tare shi a tasha ya gaya masa komai a tsaye, bai rage ba: dutsen, ruwan, lambar farfela, awa huɗu da rabi a lungu. Norihisa ya saurara yana riƙe da keken. Bai san bambancin takwas da sha ɗaya ba, kuma bai tambaya ba.

"Kawu Genzo, likita ya ce ko a Osaka ba zai ga sabuwar shekara ba."

"Wata ɗaya da rabi ke nan. Nasa ne. Ni na cinye masa."

Norihisa ya hau haikali shi kaɗai. Ya daɗe a can. Da ya sauko idonsa ja, ya ce zai kira mutanen bene na huɗu ya ce a ba wani akwatin.

Babu wurin ƙona gawa a Shiraura, sai an ƙetara babban gari. Tsofaffin tasha suka ce masunci a jirginsa yake tafiya, haka aka saba. Aka ɗora akwatin a tsakiya, Norihisa da malamin haikali suka zauna gefe da gefe, wasu tsofaffi biyu a gaba. Jirgin ya nutse har saura kamu ɗaya. Genzo ya murɗa makulli. Ruwan mashigi ya fara juyawa lokacin da suka shiga, ya buɗe wuta, injin ya ɗaga murya ya yi kuka sosai, garau, jirgin ya sa ƙirji ya ratsa ba tare da ya ja baya ko taki ɗaya ba. Norihisa ya ce wani abu game da kyawun injin. Genzo ya yi kamar iska ta hana shi ji.

Bayan kwana arba'in da tara aka sa tulu na biyu kusa da na farko. Norihisa ya koma a jirgin yamma. Malamin haikali ya ce saura jan fenti, amma mai sassaƙar dutse ba zai ƙetaro ba sai sanyi ya wuce.

"Ba sai ya zo ba," in ji Genzo.

Washegari ya hau da ƙaramar sukundireba, da tsohon buroshin haƙori, da kwalbar man wanke fenti. Dutsen gajere ne, dole ya durƙusa. Ya bi sunan layi-layi, yana kankarewa a hankali kada ya ji wa dutsen ciwo. Fentin ya shekara goma sha biyu yana shan gishirin teku, wani wurin ya fita da kansa, wani wurin ya kama kamar tsatsa. Hantsi ya yi, jirgin fasinja ya shigo ya fita, ba wanda ya sauka. Daga inda yake yana hango tasha, da kwale-kwalen a ɗaure, gabansa ya ɗan ɗaga sama.

Da ya gama ya ɗebo ruwa a bokitin katako, ya zuba da ludayi daga saman dutsen. Ruwan ya gangaro ja-ja ya shige cikin tsakuwa. Ya sake zubawa, ya sake, har ya sauko fari. Sunayen biyu suka yi duhu da jiƙa, launi ɗaya, sannan iska ta fara busar da su daga sama.